Zamanin McCarthy

Zamanin McCarthy lokaci ne da aka yi ta farautar waɗanda ake zargi da ra'ayin kwaminisanci a Amurka, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa tsakiyar shekarun 1950, farkon Yaƙin Cacar Baka da Tarayyar Sobiyet. Fargabar ta tsananta a 1949, shekarar da Sobiyet ta gwada bam ɗin nukiliya, 'yan kwaminis kuma suka karɓi mulki a Sin.

Sunan na Joseph McCarthy ne, sanata daga jihar Wisconsin. Ranar 9 ga Fabrairu 1950, a garin Wheeling, ya yi iƙirarin yana riƙe da sunayen 'yan kwaminis 205 da ke ma'aikatar harkokin waje. Bai taɓa tabbatar da zargin ba. Duk da haka ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da marubutan fina-finan Hollywood da dama sun rasa aikinsu, wasu don kawai sun ƙi ambaton sunayen abokansu.

Dubunsa ta cika a 1954, da ya taɓo rundunar soja aka nuna zaman binciken a talabijin. Ranar 2 ga Disamba 1954 Majalisar Dattawa ta yi Allah wadai da shi da ƙuri'a 67, masu adawa 22. Ya mutu ranar 2 ga Mayu 1957.