Mai Boɗinga: Malamin da Ba Ya Lanƙwasuwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Shagari, zai ratsa Boɗinga da Sifawa da ƙauyukan yankin irin su Mandera, watakila ba tare da ya san ƙasar da yake takawa ba. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya kafa zamansa a Boɗinga, har ake yi masa laƙabi da Mai Boɗinga.

Mu marubuta mun saba ambaton Abdullahi a jerin malaman jihadi, mu yi masa addu'a, mu wuce. Da haka muke shafe abin da ya bambanta shi da saura, wato kafiya a kan abin da ya ga shi ne daidai.

An haife shi wajen 1766. Gwani ne ta kowace fuska da ya sa hannu. Shi ya ja rundunar da ta karya Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804, shi ya ci Birnin Kebbi a 1805, kuma hannun nan da ya riƙe baka shi ya tsara nahawun Larabci a waƙe, ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da ya auku wajen 1807. Yaƙi na ci, nasara na ƙaratowa, sai ya dubi jama'a ya ga waɗansu sun koma neman mulki da dukiya da dawaki. Bai tsaya lallashin kowa ba. Ya bar rundunar, ya ɗauki 'yan rakiya kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. A wancan zamani tafiya ce ta shekaru, wadda da yawa ba sa dawowa daga gare ta. Kanawa ne suka tare shi suka roƙe shi ya zauna. Nan ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake shugabanci, sannan ya juyo gida. Fushi ne ya fitar da shi, amma littafi ya bari a baya. Ga marubuci, wannan abin a tsaya a duba ne.

Ko yayansa bai ƙyale ba. A shekarun Sifawa sun yi saɓani a rubuce kan kiɗa da tufafin ƙawa da sarautu, Shehu na sassautawa saboda halin jama'a, Abdullahi na tsanantawa. Tsakanin gidajensu tafiya ce kaɗan, amma da littattafai suka yi muhawarar, shi ya sa ta iso gare mu. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa da labarin kansa a Tazyinul Waraƙati, bai kuwa cire baitocin da ya zargi abokan tafiyarsa a cikinsu ba.

Da Shehu ya rasu a 1817, Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ya juya ya koma, aka yi shekaru kowa na gefensa. Sai da masu tawaye suka matsa masa a Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki, sannan baffa da ɗa suka shirya, Abdullahi ya yi mubaya'a. Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari yawancin harkar mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu a Gwandu.

Can Allah ya yi masa rasuwa a 1829. Nana Asma'u, 'yar yayansa, ta yi masa marsiyya da Fulatanci, wadda ake lissafawa cikin waƙoƙinta na farko-farko.