Tarihin Girgije: Yadda Kwamfuta Ta Koma Abin Haya

Yau tarihi za mu shiga, amma ba na sarakuna ko yaƙoƙi ba. Tarihin wani abu ne da ke cikin wayarka yanzu haka, wanda ake kira girgije. Kar sunan ya ruɗe ka, babu abin da ke rataye a sama. Idan ka ajiye hoto a Google Photos, ko ka aika saƙo ta Gmail, abin yana zaune ne a cikin kwamfutar wani kamfani, a wani ƙaton gini mai sanyi da ba a taɓa barin wuta ta ɗauke. Kai dai haya kake yi, ko da kuɗi ko da bayananka.

Tunanin ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu. A 1961 wani masani mai suna John McCarthy ya yi jawabi a jami'ar MIT ta Amurka, ya ce wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda ake sayar da hidimar tarho: ka yi amfani, ka biya iya abin da ka yi. A lokacin kwamfuta ɗaya tana cika ɗaki, sai gwamnati da manyan bankuna da jami'o'i ke iya mallakarta. Maganar ta yi kusan shekara 40 ba ta kai ga yawancin jama'a ba, saboda babu hanya mai sauƙi da za ta kai wa kowa wannan hidima har inda yake. Sai da intanet ta yaɗu.

To, ku dubi halin da mai son kafa kamfanin intanet yake ciki a ƙarshen shekarun 1990. Kafin ya samu kwastoma ko ɗaya, sai ya sayi manyan kwamfutocin da ake kira saba, ya nemi ɗakin da zai ajiye su, ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauki injiniyan da zai kwana da waya a kunne. Kuma dole ya yi hasashe. In ya sayi kaɗan, ranar da jama'a suka yi masa ca shafin ya durƙushe. In ya sayi da yawa, jarinsa ya kwanta a ƙarfe. Mu nan mun san wannan ciwo ta wata fuskar: mai shagon aski ko mai ɗinki da sai ya sayi janareto kafin ya fara samun ko sisi. Jarin da ya kamata ya shiga sana'a ya tafi wajen samar da wuta.

A 1999 aka kafa kamfanin Salesforce, wanda daga baya ya fara sayar wa 'yan kasuwa manhajar kula da kwastomomi ta intanet, ba faifai, ba girkawa, sai kuɗin wata. Amma babban sauyin ya zo ne daga inda ba a zata ba, wato kamfanin da aka sani da sayar da littattafai. Amazon ya daɗe yana fama da nasa kwamfutocin har ya ƙware, sai wasu ma'aikatansa suka ga ai wannan ƙwarewa ita ma haja ce. A watan Maris na 2006 suka fito da S3, ma'ajiyar bayanai, a kan santi 15 na dala duk gigabait a wata. A watan Agusta suka biyo da EC2, inda za ka yi hayar kwamfuta a kan santi 10 duk awa. Awa fa! Ka kunna da safe, ka gwada tunaninka, in bai yi ba ka kashe da yamma, asararka ba ta kai dala biyu ba.

Akwai wani abu a nan da nake son matasanmu su riƙe. Tawagar da ta gina EC2 ba a Amurka ta zauna ba. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu aka yi aikin, ƙarƙashin wani injiniya ɗan ƙasar mai suna Chris Pinkham. Amma sai a 2020 Amazon ya buɗe cibiyarsa ta girgije a wannan birni, shekara 14 bayan an yi haihuwar a can. Kowa ya fassara wannan yadda ya ga dama.

Google ya shigo a 2008, Microsoft ya biyo da Azure a 2010. Me 'yan kasuwa suka samu? Labari biyu sun isa.

Na farko Netflix. A watan Agusta na 2008 rumbun bayanansu ya lalace, suka yi kwana 3 ba su iya aika wa kwastomomi faifan fim ba, domin a lokacin ta gidan waya suke aikawa. Daga nan suka yanke shawarar cewa kula da ɗakin kwamfuta ba sana'arsu ba ce, suka fara ƙaura zuwa girgijen Amazon. Ƙaurar ba ta zo da sauƙi ba, sai da ta ci fiye da shekara 7, aka kammala a Janairun 2016. A wannan watan ne kuma suka buɗe hidimarsu a ƙarin ƙasashe 130 a rana ɗaya, har da Najeriya. Da sai sun gina ɗakin saba a kowace nahiya tukuna, da wuya su yi wannan tsalle.

Na biyu ya fi burge ni. Instagram ya fito a Oktoban 2010, a ranar farko mutum 25,000 suka yi rajista. Lokacin da Facebook ya saye shi a kan dala biliyan 1 a Afrilun 2012, yana da masu amfani kusan miliyan 30, ma'aikatansa kuwa 13. Goma sha uku, jama'a, ba su ma kai 'yan ƙwallo da masu jiran canji ba. Ba su da ginin kwamfuta nasu, haya suke yi, duk lokacin da mutane suka ƙaru sai su ƙara haya. A ganina wannan ne ainihin abin da girgije ya canza. Ba wai ya sa komai ya yi arha ba ne, a'a, ya rage tsayin katangar da ke hana mai ƙaramin jari shiga fili.

Kuma ba sai kana da manhaja ba. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san bayan kaya, abin da ya fi ci wa ɗan kasuwa rai shi ne littafin bashi. Ya ƙone, shi ke nan, sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo. Mai shagon da ke rubuta lissafinsa a Google Sheets, ko wayarsa ta faɗa ruwa, lissafin yana nan. Ni kaina sai da kwamfutata ta mutu da babi uku na aikin kammala digirina a ciki kafin na yarda da wannan magana.

Sai dai ɗan haya yana da mai gida. Yawancin waɗannan kamfanoni da dala suke lissafi. Ƙaramin kamfanin Najeriya da ke biyan dala 1,000 a wata, a farkon 2023 yana fitar da kimanin naira 460,000 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 kuɗin ya haura naira miliyan 1.5, bai ƙara amfani da komai ba. Sannan a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, da yawanmu muka yi ta danna manhajar banki tana juyawa. A ranar kowa ya gane cewa girgijen nan da igiya yake ɗaure, igiyar kuma ta bi ta cikin teku.

Ko a can ma ba kowa ya zauna ba. Dropbox ya fara ne a kan S3, amma da ya girma sai ya ga hayar ta fi gini tsada, zuwa 2016 ya kwashe mafi yawan bayanansa ya mayar cikin ɗakunansa. Shi yana da kuɗin da zai gina. Matashin da ke Kano ko Zinder da tunani mai kyau da kwamfutar cinya ɗaya ba shi da su, don haka haya ce ƙofarsa, sai dai ya sa ido a kan mitar kamar yadda yake sa wa ta wutar lantarki, ya kuma riƙe kwafin muhimman bayanansa a hannu.

A nan za mu dakata. Wanda ke amfani da girgije a sana'arsa ya faɗa mana nawa yake biya a wata, da kuma yadda ya yi a ranar da intanet ta ɗauke. Sai mun haɗu a shiri na gaba.