Bashin da murjani ke ci a ruwa: tarihin kiwonsa a cikin gida

Murjani dabba ce, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse mai rassa. Ƙananan halittu ne masu taushi da ke gina wa kansu ƙashi da kalsiyam kabonet, kuma kayan ginin daga ruwan da ke kewaye da su suke zuƙo shi. A teku wannan ba abin damuwa ba ne, ruwan ba ya ƙarewa. A akwatin gilashi mai cin lita 300 kuwa, duk abin da murjani ya ɗauka ya tafi ke nan. Ina ganin tarihin kiwon murjani a gida, in an tace shi, tarihin gano yadda za a biya wannan bashi ne, kuma fitilu da injunan da aka fi yi wa kirari sun zo a bayansa.

A 1846 wata Baturiyar Ingila, Anna Thynne, ta kwaso murjanin ruwan sanyi daga gaɓar Torquay zuwa Landan, ta raya su har kusan shekara uku. Da farko ruwan teku ake aiko mata, daga baya aka riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan kusa da taga don ya sha iska. Ta yi nasara ne saboda irin nata ba ya saurin girma. Murjanin ƙasashe masu zafi, irin Acropora mai rassa, ya gagari masu kiwo fiye da shekara ɗari bayan haka. Ko tsarin da Lee Chin Eng na Indunusiya ya bayyana a 1961, na zuba duwatsun teku masu rai a bar su su tace ruwa, ya fi dacewa da wanda teku ke bakin ƙofarsa. Mutanen da ke nesa da murjani, Jamusawa, su suka warware matsalar. A shekarun 1970 Peter Wilkens ya yaɗa amfani da Kalkwasser, wato ruwan da aka narka kalsiyam haidiroksaid a ciki, ana ɗiga shi a madadin ruwan da ya ƙafe. Bayan nan ne Acropora ya yi rassa a akwatin Dietrich Stüber a Balin, har aka riƙa ɓalle shi ana raba wa masu kiwo.

Sirrin yana cikin lissafi. Ruwan teku na ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 420 a kowace lita, amma alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami kamar yadda kanwa ke karya tsamin yakuwa a miya, bai wuce kimanin 7 ba a ma'aunin dKH. Duk sanda murjani ya ci miligiram 20 na kalsiyam, sai ya haɗa da alkaliniti 2.8. Ke nan da zai cinye alkalinitin ruwan ƙarƙaf, kalsiyam zai ragu ne da kusan 50 kacal. Mai kiwon da ya zuba wa kalsiyam ido shi kaɗai zai ga komai lafiya alhali rassan sun daina tsawo. In kuma ya yi gaggawa ya antaya duka biyun a wuri ɗaya, sai ruwan ya yi fari fat, garin alli ya kwanta a kan famfo da na'urar ɗumama ruwa, ma'aunan biyu su faɗi tare. Shi ya sa duk dabarar da ta daɗe tana mayar da su biyun ne daidai gwargwado. Tukunyar kalsiyam da ta bazu a shekarun 1990 tana narka tsakuwar murjani da iskar kabon dayoksaid. Hans-Werner Balling kuma a 1994 ya wallafa hanyar zuba kalsiyam kulorayid da bekin soda daban-daban, a bi su da gishirin teku da aka cire wa gishirin miya.

Wani zai ce ai haske ne ya buɗe ƙofa, tunda tsirran da ke zaune cikin naman murjani da haske suke ciyar da shi, kuma fitilu masu ƙarfi sun shigo a daidai wannan zamani. Gaskiya ne, babu haske babu girma. Sai dai haske yana ƙara wa murjani saurin gini ne, saurin gini kuwa saurin ƙarar da alkaliniti ne, don haka fitila mai kyau ta ƙara tsananta matsalar. Wani kuma zai ce sauya ruwa ya wadatar. Ya wadatar ga akwati mai murjani kaɗan. A wanda ya cika da Acropora, alkaliniti na iya sauka da dKH ɗaya ko fiye a yini guda, wanda kuwa ya sauya kashi 10 cikin 100 na ruwansa a ƙarshen mako, kashi 10 na giɓin kawai ya cike. Shi kansa Kalkwasser yana da iyaka, domin ba a iya zuba fiye da abin da ya ƙafe, kuma wannan iyakar ce ta tura masu manyan akwatuna ga tukunyar kalsiyam da ƙananan famfuna masu ɗiga magani awa-awa.