Fitilar keke: abin da ya kamata a duba kafin a saya

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɗalibai da ƙananan ma'aikata da dama a biranen Najeriya sun koma hawan keke. Sai dai titunan da suke bi ba su da layin keke, da yawansu kuma babu fitilun kan hanya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu babur da masu keke.

Fitilar keke aiki biyu take yi: haska wa mahayi hanya, da nuna shi ga direbobi. A cikin gari na biyun ya fi muhimmanci, amma shi aka fi sakaci da shi. Sau da yawa mai keke zai ɗaura tocila a gaba ya bar bayansa cikin duhu, alhali motar da ke tafe daga baya ita ce ba ya gani.

Launi da ƙa'ida

Yarjejeniyar Vienna kan zirga-zirgar ababen hawa ta 1968 ta tanadi farin haske ko rawaya a gaban keke, jan haske a baya, da jan abin ƙyalli mai mayar da hasken mota. Launi ne ke gaya wa direba inda keke ya dosa, don haka farar fitila a baya ruɗani take haifarwa.

Ƙarfin haske

Ana auna shi da lumen. A titi mai fitilu, lumen 100 zuwa 200 a gaba da 20 zuwa 50 a baya yawanci sun wadatar. Hanya mai duhu da ramuka na buƙatar 400 ko fiye. Lambar da ke jikin kwali ba kullum take gaskiya ba, gara a kunna fitilar a gani. Sannan a karkatar da ita ƙasa kaɗan, domin direban da aka kashe wa ido haɗari ne ga mai keken kansa. Dalilin ke nan da dokar Jamus ta wajabta fitilar da ba ta dallare idon mai tahowa. A kuma zaɓi wadda haskenta ke fita ta gefe, saboda mahaɗar hanya da shataletale.

Mai ƙiftawa ko tsayayya

Haske mai ƙiftawa ya fi jan hankali, amma da dare yana wahalar da direba wajen ƙiyasta tazara. Birtaniya ta halatta shi a 2005, Jamus kuwa ta hana shi a jikin keke. Mafi dacewa a yi amfani da tsayayyen haske da dare, mai ƙiftawa da rana ko lokacin hazo. Wani gwaji da aka yi a birnin Odense na Denmark ya nuna cewa masu barin fitila a kunne har da rana sun sami raguwar haɗurran da ke jawo rauni da kashi 19 cikin 100.

Wuta da ruwa

Fitila mai caji ta USB ta fi sauƙin kuɗi a kan lokaci, amma a tambayi sa'o'in da take ɗauka a cikakken haske. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, dainamo, ɗan injin da juyawar taya ke ba wuta, ba ya jiran caji. Sai dai tsohon samfurinsa yana mutuwa da zarar keke ya tsaya. Alamar IPX4 na nufin fitilar na jure yayyafin damina.

Wanda kuɗinsa bai kai na biyu ba, ya fara da jar fitilar baya, ya ɗaure ta ƙarƙashin sirdi inda kaya ko babbar riga ba za su rufe ta ba, ya ƙara abin ƙyalli a feda ko idon sawu. Motsin ƙafa ne ke saurin sanar da direba cewa mutum ne a gabansa.