Agogo Mai Wani da Zamanin Jirgin Ƙasa a Kafanchan

Da yawa daga cikinmu idan muka buɗe tsohon akwatin mahaifinmu ko na kakanmu, za mu tarar da wani agogo a naɗe cikin tsumma, ya yi shiru shekara da shekaru. Yaran yanzu cewa suke yi batirinsa ne ya mutu. To ba shi da batir ko kaɗan. Wani ake yi masa, wato a murɗa ɗan kan nan da ke gefensa kowace safiya, shi ke nan ya kama aiki.

Kafin zuwan jirgi, iyayenmu da rana da inuwa suke auna lokaci: hantsi, azahar, la'asar, almuru. Ita kanta kalmar agogo daga Yarbanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa, kuma har gobe muna cewa ƙarfe biyu, ƙarfe uku, saboda ƙarfen da ake bugawa a sanar da awa. A 1919 gwamnatin Turawa ta tsayar da lokacin Nijeriya a kan awa ɗaya gaba da na Ingila. Amma abin bai shafi talaka sosai ba a wannan yanki sai a 1927, lokacin da layin dogo daga Fatakwal da Inugu ya haɗe da na Kaduna a nan ƙasar Fantswam, aka kuma ja reshe zuwa Jos. Nan take Kafanchan ta zama mahaɗa. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta taso daga tsohon gari ta dawo nan, fatake da mahauta da 'yan koli daga Kano da Zariya da Katsina suka yi ta sauka.

Jirgi kuwa ba ya jiran "bayan la'asar kaɗan". Layi ɗaya ne tal, jiragen da ke fuskantar juna sai a tasha suke wuce juna, saboda haka direba da gadi da shugaban tasha dole agogonsu ya zo ɗaya. Mai kayan citta ko goro da ya makara da minti biyar, sai ya kwana a tasha. Daga nan ɗan kasuwa ya gane agogo ba ado ba ne kawai, ko da yake, a gaskiya, adon ma ya taka rawa: duba yadda alhazai ke ɗage hannun riga idan ana hira.

Cikin agogon nan akwai abin mamaki. Wanin da kake yi yana naɗe wani siririn sifirin ne a cikin ɗan gwangwani. Yayin da yake warwarewa sai ya tura ƙafafu masu haƙora, ɗaya na juya ɗaya. Da an bar shi haka, cikin ƙiftawar ido zai zube ƙarfinsa duka. Abin da ke riƙe shi wata 'yar ƙugiya ce mai baki biyu, wadda wani Bature ɗan Ingila, Thomas Mudge, ya ƙirƙiro wajen 1755. Tana sakin haƙori ɗaya ta kama na gaba, bisa kaiwa da komowar wata 'yar ƙafa mai gashin ƙarfe. A yawancin tsofaffin agogunan, bugu 18,000 take yi a awa, wato biyar a daƙiƙa. Shi ne ƙas-ƙas ɗin da muke kara kunne mu ji muna yara. Rubutun nan na duwatsu 17 da ke fuskar wasu, ba lu'ulu'un sayarwa ba ne, jan yakutu ne na haɗi da ake sa wa a mazaunin ƙafafun don kada su cinye. Wani ɗaya yakan kai kwana ɗaya da rabi.

Sunaye irin su Roamer da Oris da West End, duk 'yan Suwizalan, an san su a hannun mutanenmu, wasu tsarabar Makka ne. Mai gyara yana zaune da ɗan akwatin gilashi, tabarau a ido ɗaya, ya kwance agogo ƙwaya-ƙwaya, ya wanke ƙurar hunturu, ya ɗiga mai, ya mayar.

A watan Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ƙanƙarar kwaz da aka sa a kasuwa. Kafin shekara goma sha biyar irinsa ya yi arha, ya fi daidai, ba ya son wani. Jirgin ma ya ja baya, motoci suka kwashe kaya, sabon layin Abuja zuwa Kaduna na 2016 bai biyo ta nan ba. Masu gyara suka koma canja batir, daga baya wasu suka koma waya.

Abin da ke damunmu shi ne yadda waɗannan agogunan ke fita daga gidajenmu a hannun 'yan gwangwan da kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba, alhali wani har da sunan mai shi ko lambar aikinsa a bayan murfi. Wanda ke da irinsa a gida, kada ya matsa masa wani da ƙarfi idan ya cije, sifirin ne zai tsinke. A tambayi dattawan gida na wa ne, a ina aka saye shi, a rubuta a ajiye tare da shi, sannan a nemi tsohon mai gyara tun ana samunsu.