Fayil ɗin Marar Lafiya: Darasi daga Tarihin Ingila

Lokacin da nake yaro, ni ake aika in karɓo katin kakata a ɗakin ajiye fayil na asibitin garinmu. Nakan tsaya ina kallon takardu jibge har rufi, kowace ɗauke da sirrin wani: cutar da magidanci ya ɓoye wa iyalinsa, cikin da ya zube, maganin da ake sha a asirce. Ban taɓa tunanin wa ke da iko da su ba, sai da na karanta yadda wannan tambaya ta rusa wani babban shiri a Ingila.

Tun kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, kusan kowane ɗan ƙasar yana da likitan unguwa mai riƙe da tarihin lafiyarsa. Masu bincike sun daɗe suna kwaɗayin wannan taska, domin idan aka haɗa bayanan miliyoyin mutane ana iya gano illar magani ko sanadin cuta da likita ɗaya ba zai hango ba. A 2013 aka sanar da shirin care.data, wanda zai kwaso bayanai daga kwamfutocin likitocin unguwa ya haɗa su da na asibitoci. Ƙa'idarsa ita ce duk wanda bai ce a'a ba, ya yarda.

A Janairun 2014 aka rarraba takardar bayani gida-gida. Ba ta ɗauke da sunan kowa, babu kuma fom ɗin ficewa a ciki, jama'a da dama ma suka ce ba su gan ta ba. Da ƙorafi ya yi yawa, aka dakatar da shirin a Fabrairu. Kwanaki kaɗan bayan haka jaridu suka bayyana cewa an taɓa miƙa bayanan asibiti na miliyoyin mutane ga wata ƙungiyar masu lissafin inshora. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka nemi kada a taɓa bayanansu, a Yulin 2016 aka soke shirin baki ɗaya.

Da farko na ɗauka mutanen Ingila ƙyamar bincike suke yi, amma tarihi bai goyi bayana ba. Tsakanin 2006 da 2010, mutum rabin miliyan masu shekara 40 zuwa 69 sun shiga shirin UK Biobank da ƙafarsu. Sun ba da jini da fitsari, sun kuma sa hannu a riƙa bibiyar fayilolinsu. Bambancin kawai shi ne an tambaye su, an kuma gaya musu abin da za a yi da amanarsu.

Dole in yi wa masu bincike adalci: neman izini yana da tsada. Mutum kusan miliyan 9 aka gayyata kafin a samu wannan adadi, waɗanda suka amsa kuma sun fi sauran jama'a lafiya da wadata. Ke nan sakamakon na iya mantawa da talaka. Sai dai tsallake izinin bai magance wannan ba, domin care.data bai kai ga tara bayanan ba, ya kuma bar zargin da ya sa aka sake dakatar da irinsa a 2021.

Mu ma mun san farashin zargi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ba ne. Da aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, wannan labari yana cikin hujjojin da aka kawo, yara kuwa suka biya bashin da ƙafafunsu.

Yau fayilolinmu suna ƙaura daga kanta zuwa kwamfuta, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Na san kakata: da an zauna an yi mata bayani da Hausa cewa katinta zai taimaki wata mai hawan jini, da ta ce a ɗauka. Da kuwa daga baya ta ji an ɗauka ba da saninta ba, da ba ta sake gaya wa likita gaskiya ba.