Lanƙwasasshen Takobi da Barden Kudancin Kano

Masu zane da masu shirya fim sun saba riƙa wa barden Hausa lanƙwasasshen takobi irin na Turkawa. Tarihi bai goyi bayansu ba, kuma yaƙe-yaƙen da aka gwabza a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a ƙarni na 19 sun isa hujja.

Asalin wannan makami na makiyayan tsakiyar Asiya ne. Daga gare su ya shiga Farisa da Daular Usmaniyya da Masar ta Mamaluka, Turawa kuma suka ƙara ƙaunarsa bayan Napoleon ya shiga Masar a 1798. Hikimarsa a fili take: mahayi a guje yana sara yana jan kaifi, ya yanka ya wuce ba tare da ƙarfen ya maƙale a jikin abokin gaba ba.

Ba a ce ƙasar Hausa ba ta san shi ba. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya ambaci bisalami da hindi da hankatilo, na ƙarshen daga Barno, wadda ta yi hulɗa da Turkawa tun zamanin Mai Idris Alooma. Sai dai waɗannan tsiraru ne. Abin da barde ya fi ratayawa da hamila miƙaƙƙen takobi ne mai kaifi biyu, ɗan'uwan na Buzaye. Dalili na farko kasuwa ce. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa duk shekara, galibi ƙirar Solingen ta Jamus, ta hanyar Sahara. Maƙeri ya sa ƙota, baduku ya ɗinka kube na jan fata, takobi ya zama na gida.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne yadda ake yaƙin kansa. Barde da mashi yake buɗe fage, sai an cakuɗe ya zare takobi. Wanda yake fuskanta kuwa sau da yawa yana cikin lifidi ko sulke, kayan da Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji ya shigo da su. Audugar da aka cusa aka ɗinke tana shanye yanka. Sara mai nauyi ko suka ne ke ratsa ta.

A kudancin Kano ma abin ya wuce nan. Tun da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa wajen 1846 suka fake a duwatsun Ningi, garuruwan wannan iyaka ba su huta ba. Ningawa kan faɗo, su kwashi mutane da dabbobi, su koma tsauni. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita kansu, bai kuwa gama da su ba. Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu ya san irin wurin: falalen dutse mai santsi, da matsatsin da doki ɗaya ma sai da lallashi. A nan babu filin sukuwa, lanƙwasa kuwa ba ta da amfani in ba gudu. Maharbi a bayan dutse, da kibiya mai dafi, yakan kayar da doki tun mai shi bai kai hannu kube ba. Ganuwa da 'yan baka suka tsare garuruwan nan fiye da kowane irin takobi.

Saboda haka in an ga lanƙwasasshe a gidan sarauta a Gwaram ko a hawan salla a Dutse, kamata ya yi mai bincike ya duba tambarin da ke jikin ƙarfen, ya tambayi ta inda ya shigo gidan, ko tsarabar aikin hajji ce, ko kyauta, ko na sojan Ingila bayan 1903, kafin ya rubuta cewa da shi aka kori Ningawa.